Maraƙi mai zawo: kada a hana mashi nono

Wani malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo ya yi ma masu karatun manya jawabi a Tsibirin Gobir, maza da mata. Maganar ta shafi maraƙi sabon haihuwa: yadda za a karɓe shi, da yadda za a yi jinyarshi in ya ƙi shan nono ko cikinshi ya ɓaci. Ga abin da ya gaya ma jama'a.

Asarar maraƙi asara biyu ce

Daga Tsibiri zuwa Maraɗi har Jiratawa, gidaje da yawa suna da saniya ɗaya ko biyu. Wasu sun ba Fulani kiwo. Wasu suna kiwo da kansu a turke, bayan gida. Saniyar nan ita ce asusun gida.

Ku yi lissafi. Karsana a ƙasarmu takan kai shekara 4 kafin haihuwar fari. Cikin saniya wata 9 ne da ƴan kwanaki. Bayan ta haihu, sau da yawa sai an yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin a ga wani maraƙi. Duk tsawon lokacin nan ana ba ta harawa, ana ba ta dussa, ana ja mata ruwa a rijiya. In maraƙin ya mutu cikin kwana 10, wahalar shekaru ta tafi banza.

Ba shi ke nan ba. Shanunmu masu tozo, ko Azawak ne, ko Bororo, ko Gudali, halinsu ɗaya: ba su sakin nono sai sun ga ɗansu ya fara tsotsa. Kowace mai tatsa ta san haka. In maraƙi ya mutu, nono ya ja baya, sau da yawa ma ya ƙafe. Shi ya sa wasu makiyaya ke cusa ciyawa cikin fatar mataccen maraƙi, su ajiye ta gaban uwa don su ruɗe ta. Ke nan an rasa maraƙi, an rasa nonon fura, an rasa kuɗin da uwar gida ke samu a kasuwa.

Watan farko shi ne mafi haɗari cikin rayuwar maraƙi. Babban abin da ke ɗauke shi cikin wannan wata zawo ne. Amma in anka duba da kyau, ba zawon kanshi ke kisa ba. Ruwan jiki ne ke ƙarewa, yunwa kuma ta biyo baya. Abu biyu ke ceton shi: nono da ruwan gishiri. Kowane gida na iya samun su.

Dakashi shi ne rigakafin farko

Jinjirin mutum shina samun wani kashi na kariya daga uwa tun shina ciki. Maraƙi ba haka shike ba. Shina zuwa duniya babu garkuwa ko kaɗan. Garkuwarshi tana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda uwa ke bayarwa ranar haihuwa.

Dakashi shina da aiki uku. Shina ɗauke da abubuwan da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Shina ba maraƙi ƙarfi da ɗumi. Shina kuma turo kashin farko, baƙin nan mai yauƙi, ya fito.

Amma akwai lokaci. Hanjin maraƙi kamar ƙofa ce da anka buɗe ranar haihuwa. Cikin awa 6 na farko tana buɗe sosai, garkuwar tana wucewa cikin jini. Daga nan ƙofar ta fara rufewa. Bayan awa 24 ta rufe. Dakashin da anka ba shi rana ta biyu abinci ne mai kyau, amma garkuwa ba ta shiga jini kuma. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Maruƙanmu sukan zo da nauyin kilo 20 zuwa 25. Ana son maraƙi ya sha kashi ɗaya cikin goma na nauyinshi a yinin farko, wato litir 2 ko 2 da rabi. Ya fara sha cikin awa 2 na farko. Don haka:

1. Kada a tatse dakashi a zubar. Ba gurɓataccen nono ba ne.
2. Kada a tatsa a dafa ma mutanen gida ranar farko. Rabon maraƙi ne.
3. Kada a ba shi ruwa, ko jiƙo, ko kunu, kafin dakashi.
4. A wanke hantsar uwa da ruwan ɗumi kafin ya kama. In kashi ya riga dakashi shiga bakinshi, cuta ta riga garkuwa.
5. A bar shi tare da uwa dare da rana, kwana 3 ko 4, babu tatsa.

Cibiya da wurin kwana

Cibiya ƙofa ce ta biyu. Danya ce, tana jan ƙasa, ƙudaje suna binta. Ranar haihuwa a tsoma ta cikin aidin, ko Bétadine da ake samu a farmasi. A sake washegari. Kada a shafa mata kashin shanu ko ƙasa. In cibiya ta kumbura, ta yi zafi, ko tana ruwa, cuta na iya bin jini ta sauka ga gwiwoyi. Maraƙin da gwiwoyinshi sunka kumbura da wuya ya zama sa na kirki.

A bar uwa ta lashe ɗanta. In ta ƙi, a share majina daga hancinshi da bakinshi, a goge jikinshi da busasshiyar ciyawa ko tsumma mai tsabta.

Wurin kwana ya zama busasshe. Da damina, ƙasar fadamar Gulbin Maraɗi tana riƙe ruwa, turke ya koma taɓo da kashi. A mai da maraƙi kan tudu, a zuba mashi sabon rairayi, a shimfiɗa ciyawa. Da ɗari a kare shi daga iska da zana, a rufa mashi buhu da dare. Da bazara a ɗaure shi a inuwa.

In maraƙi ya ƙi kama nono

Lafiyayyen maraƙi shina miƙewa cikin awa ɗaya, ya nemi hantsa. In awa 2 sun wuce bai sha ba, kada a jira gobe. A nemi dalili.

Wani lokaci laifin uwa ne. Karsana mai haihuwar fari takan ji tsoro, ta yi harbi. A ɗaure ta, a dabaibaye ƙafafun baya, a ba ta dussa, a kawo ɗan. Wani lokaci kan nonon ne ya cika girma ko ya toshe. A tatsa kaɗan da hannu har ya yi laushi. In hantsa ta yi tauri da zafi, nonon na fitowa da gudaji ko jini, uwar ce ba ta da lafiya. A kira malamin dabbobi.

Wani lokaci maraƙin ne ya sha wuyar haihuwa, ko sanyi ya kama shi. A wanke hannu, a sa yatsa biyu cikin bakinshi. In ya tsotsa da ƙarfi, da sauranshi. A tatsi dakashi cikin ƙwarya mai tsabta, a zuba cikin kwalba mai kan roba irin ta shayar da jarirai, a ba shi da ɗuminshi, rabin litir, a sake bayan awa 2 ko 3.

In uwa ta mutu, ko ba ta da nono, a roƙi dakashi wurin maƙwabcin da saniyarshi ta haihu ranar. In babu, dakashin akuya ya fi babu. Nan ƙasar jar akuya ce, ba a rasa ta cikin unguwa. Daga baya ana iya renon maraya da madarar wata saniya ko ta awaki, sau 3 ko 4 a yini, kullum da ɗumi kamar yanzu ta fito daga hantsa.

Yadda cikin maraƙi ke aiki

Duk wanda ya taɓa ganin fiɗa ya san cikin sa kashi huɗu ne. Babban cikinsu shi ne tumbi, inda ciyawa ke taruwa. Ga sabon maraƙi tumbi ƙarami ne, bai fara aiki ba. Kashi na huɗu ne kaɗai ke narkar da nono. In maraƙi na tsotsa da kanshi, wata ƴar hanya tana haɗewa cikin cikinshi kamar indararo, ta kai nono kai tsaye wurin da ya dace.

In anka ɗaga kanshi sama anka yi mashi ɗure, hanyar nan ba ta haɗewa da kyau. Nono ya faɗa cikin tumbi, ya yi tsami, ciki ya kumbura. Abin da ya fi muni, ya bi maƙogwaro ya shiga huhu. Maraƙi da yawa ba cuta ta kashe su ba, ɗure ne.

Don haka a shayar da shi a tsaye, ko a gurfane bisa ƙirjinshi. Kada a ba shi kome shina kwance bisa haƙarƙari. A bar shi ya haɗiye da kanshi, sannu sannu.

Cikin makonnin farko maraƙi ba shi iya narkar da gari. Kunu, da ruwan fura, da farau-farau ba abincinshi ba ne. Madarar gari ta shayi, wadda ake aunawa a kasuwa, ita ma ba ta maye gurbin nonon uwa.

Abin da ke kawo zawo

Zawo iri-iri ne, kuma kwanakin maraƙi na nuna irinshi.

Cikin kwana 4 na farko, zawo mai ruwa-ruwa, fari ko rawaya, daga ƙwayoyin cuta ne na cikin kashi. Shi ne mai saurin kisa. Shina iya kada maraƙi cikin yini guda.

Daga kwana 5 zuwa mako 3, wasu ƙananan ƙwayoyi ne ke cinye bangon hanji. Mafi yawansu kafson kasuwa ba shi kashe su. Jiki ne ke korar su da kanshi cikin ƴan kwanaki, in maraƙin ya samu ruwa da abincin da zai riƙe shi.

Bayan mako 3, in an ga jini cikin kashi, maraƙi na yunƙuri, wata cuta ce dabam, tana da maganinta wurin malamin dabbobi.

Akwai kuma wata doguwar farar tsutsa, takan kai tsawon taƙi ko fiye. Tana shiga maraƙi ta cikin nonon uwa. Alamarta: ƙaton ciki, gashi a tsaye, rama, kashi mai wari. Ana ba maraƙi maganinta cikin mako na biyu zuwa na uku, tun ba ta girma ba. Malamin dabbobi ne zai faɗi irin maganin da ma'auninshi.

Akwai zawon da ba cuta ba ce. An bar maraƙi da yunwa yini guda, da yamma ya cika ciki lokaci ɗaya. Ko an ba shi madara mai sanyi, ko wadda ta fara tsami, ko cikin ƙwarya mai dauɗa.

Yadda za a gane ruwan jiki na ƙarewa

A duba abu biyar.

1. Ido. In ya faɗa ciki, har ana ganin rami tsakanin ido da fatarshi, ruwa ya ragu.
2. Fata. A tsunkuli fatar wuya, a ja, a saki, a ƙidaya. Ta mai lafiya tana komawa kafin a kai 2. In ta tsaya har an kai 5 ko fiye, abin ya yi nisa.
3. Baki. Na mai lafiya shina da ɗumi da miyau. In ya bushe ko ya yi sanyi, akwai haɗari.
4. Kunnuwa da ƙafafu. In sun yi sanyi, jini ba shi zagayawa da kyau.
5. Tsotsa. A sa yatsa a gani.

Maraƙin da ke tsaye, shina tsotsa, ana iya jinyarshi a gida. Wanda ke tangaɗi, tsotsarshi ta yi rauni, a fara ba shi ruwan gishiri, a aika kiran malami. Wanda ya kwanta, ya daina tsotsa, jikinshi ya yi sanyi, kada a yi mashi ɗure. Wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, ko a zura mashi tiyo har ciki. Aikin wanda ya koya ne. A ɗumama shi, a nemi malami nan take, ko dare ne.

Ruwan gishiri: yadda ake haɗa shi

Iyaye mata sun san SRO, garin nan na cikin ƴar takarda da ake ba yara masu zawo a gidan likita. Tun shekarun 1970 wannan ruwa ya ceci miliyoyin yara a duniya. Shina yi ma maraƙi aiki shi ma. Takarda ɗaya cikin litir 1 na ruwa. Akwai kuma irin na dabbobi a wasu wuraren sai da maganin dabbobi. In an same shi, ya fi dacewa.

In babu ko ɗaya, ga yadda za a haɗa a gida:

Ruwa litir 1, wanda anka tafasa ya huce, ya rage ɗumi.
Gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe, ba a tula ba.
Bikarbonat rabin ƙaramin cokali.
Gulukos babban cokali 2. In babu, zuma babban cokali 2.

Wanda ba shi da ma'auni, ledar ruwan sayarwa ta rabin litir guda 2 ita ce litir 1.

A nan akwai kashedi. Kada a sa sukarin shayi. Yaro na narkar da shi, amma hanjin sabon maraƙi ba shi iyawa. Sukarin ya zauna cikin hanji, ya ƙara jawo ruwa, zawo ya ƙaru. In babu gulukos babu zuma, a ba da ruwan da gishiri da bikarbonat kawai. Nonon uwa zai cika sauran. Kada kuma a ƙara gishiri don a ga ya yi ƙarfi. Gishiri mai yawa guba ne.

Kada a tsai da nono

Da can ana cewa in maraƙi na zawo a raba shi da uwa kwana 2, wai don ciki ya huta. Yau an gano wannan kuskure ne. Sabon maraƙi ba shi da kitsen da zai ci. Ruwan gishiri na mai da ruwan jiki, amma ba abinci ba ne. Nono ne ke ba shi ƙarfi, shi ne kuma ke gyara bangon hanjin da cuta ta cinye. Wanda anka hana ma nono, ko zawo ya tsaya, yunwa ta gama da shi.

Ga tsarin yini:

Da safe: nono.
Da hantsi: ruwan gishiri, litir 1.
Da azahar: nono.
Da la'asar: ruwan gishiri, litir 1.
Da magariba: nono.
Kafin a kwanta barci: ruwan gishiri litir 1, in zawon na da yawa.

In litir 1 ya yi mashi yawa lokaci ɗaya, a raba biyu. Kada a gauraya ruwan gishiri da madara cikin kwalba ɗaya, don bikarbonat na hana madara daskarewa cikin ciki yadda ya kamata. A bar kamar awa 2 tsakaninsu. A ajiye mashi ruwan sha mai tsabta kusa da shi. A ci gaba da haka har kashi ya daidaita, mafi yawa kwana 2 zuwa 4.

Cikin kwanakin nan uwar gida ta rage tatsa. Ƙwarya ɗaya da ta bari yau ita ce za ta ba ta nonon wata 6 ko fiye.

A ware marar lafiya daga sauran maruƙa. Kada a bar shi a dangwali ɗaya da su. A kwashe kashinshi a binne nesa da rijiya. A wanke gindinshi da wutsiya don ƙudaje. Wasu ƙwayoyin da ke sa maraƙi zawo suna kama mutane. A wanke hannu da sabuni bayan an taɓa shi, a hana ƙananan yara wasa wurin.

Rashin kashi da kumburin ciki

Wani maraƙin ba zawo ke damun shi ba. Kashi ne ba shi fita. In yini guda ya wuce ba a ga kashin farko ba, a ɗaga wutsiya a duba. Jefi-jefi akan haifi maraƙi ba shi da mafitar kashi. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma in an yi sauri wani lokaci ana iya buɗe mashi. In mafita na nan, a tabbata ya sha dakashi isasshe, a goge wurin da tsumma mai ruwan ɗumi kamar yadda uwa ke lasa.

In ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga, maraƙi na harbin cikinshi, shina nishi, a dakata da shayarwa, a tsai da shi bisa ƙafafunshi, a kira malami. Kada a ɗura mashi mai. Kada a huda cikin da wuƙa.

Alamun da ba a jira da su

A nemi malamin dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba in an ga ɗaya cikin waɗannan: jini cikin kashi, maraƙi ya kasa tashi, ya daina tsotsa, cibiya ko gwiwa ta kumbura, shina tari ko numfashi da ƙyar, zawo ya kai kwana 2 ana jinya babu sauƙi, ko maruƙa biyu ko uku sun kamu tare. Zafin jikin lafiyayyen maraƙi digiri 38 da rabi ne zuwa 39 da rabi. In ya kai 40, zazzaɓi ne. In ya sauka ƙasa da 38, shina sanyaya, haɗarin ya fi.

Tambayoyin jama'a

Bayan haka jama'a sunka yi tambayoyi.

Wani dattijo ya ce: Malam, iyayenmu da bagaruwa suke tsai da zawo. Yanzu ta daina aiki ne?

Malamin ya ce: Baba, Allah ya ƙara girma. Bagaruwa na da bauri, tana iya ɗaure kashi. Amma ba ta mai da ruwan da ya zube. In tulu ya tsage, ruwa ya tsiyaye, ko an liƙe tsagar sai an sake cika shi. Kuma jiƙo mai ƙarfi na iya yi ma ɗanyen hanji lahani. Ruwan gishiri da nono su ne gaba.

Dattijon ya ce: To, kanwa fa, ba ta maye bikarbonat?

Malamin ya ce: Baba, kanwa na da amfani ga manyan shanu. Amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata kaifi, ga ƙasa a ciki. Ba a iya auna ta daidai ga ɗan kwana 5. In babu bikarbonat, a nemi SRO.

Wata mata ta ce: Malam, in na bar mashi nono duka, da mi zan dama ma yara fura?

Malamin ya ce: Inna, maganarki gaskiya ce, yaran gida su ma suna da hakki. Ba a ce a bar tatsa har abada ba. Kwana 3 ko 4 na farko nashi ne duka. Daga nan har ya cika wata 2, a bar mashi kan nono biyu cikakku, ki tatsi biyu. In ya kwanta ciwo, a ƙara mashi. Ki dubi cikinshi bayan ya sha: in gefen ya lotsa, shina ta kuka, bai ƙoshi ba. Madarar da kika tatsa kuma a tafasa ta kafin yara su sha.

Wani saurayi ya ce: Malam, kafso ja da rawaya da ake talla a kasuwa, ba ya maganin zawo?

Malamin ya ce: Ɗan'uwa, wanda ya yi yini cikin rana bisa tire, ba a san ƙarfin da ya rage mashi ba. Mafi yawan zawon maruƙa ba shi jin kafso. Akwai lokacin da allura ta wajaba, kamar in akwai zazzaɓi, ko jini, ko kumburin cibiya. Malami ne zai auna ta bisa nauyin dabba. Ku da kuka iya karatu, ku riƙa duba ranar da magani ke lalacewa, tana rubuce a jikin kwalinshi.

Wani kuma ya ce: Malam, ai an yi ma saniyata allura lokacin rigakafi. Ba ta kare ɗanta?

Malamin ya ce: Allurar da ma'aikatar kiwo ke zagayawa da ita kowace shekara ta ciwon huhun shanu ce. Tana da muhimmanci, kowa ya kai dabbobinshi. Amma ba ta zawon maraƙi ba ce. Rigakafin maraƙi dakashi ne.

Jinya tana farawa tun daga uwa

Malamin ya ci gaba da cewa saniyar da ta rame da rani tana haifar maraƙi marar ƙarfi, dakashinta kuma kaɗan ne. Cikin wata 2 na ƙarshen ciki a ƙara mata abinci: harawar wake ko ta gujiya, dussa, tunkuza, ƴaƴan gawo, da gishirin lasa. A daina tatsar ta cikin watannin nan. Masu lambu a Jiratawa da bakin gulbi suna da ɗanyar ciyawa ko da rani, su ware mata rabonta. In haihuwa ta matso, a share wuri dabam, busasshe, kusa da gida, inda za a gan ta ko da dare.

Daga mako na biyu a fara ajiye ma maraƙi ruwa mai tsabta, da dussa cikin tafin hannu, da harawa mai laushi. Da haka tumbi ke koyon aiki, har a ga ya fara tuƙa. A tsince leda da tsummoki daga inda shike, don maraƙi na tauna duk abin da ya samu, leda kuwa ba ta narkewa.

Kowa ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar haihuwa, da lokacin da maraƙi ya fara shan dakashi, da ranar da zawo ya fara, da abin da anka ba shi. In malami ya zo, rubutun nan zai rage mashi rabin aiki. A ajiye takardar SRO 5 ko 6 da ƴar kwalbar aidin cikin ɗaki tun saniya ba ta haihu ba, don ciwo ba shi jiran ranar kasuwa.

Ya rufe jawabinshi da abu huɗu, ya ce kowa ya haddace, ya kai ma wanda bai zo ba. Dakashi cikin awa 2 na farko. Aidin ga cibiya, da busasshen wurin kwana. In zawo ya zo, ruwan gishiri da nono, kowane da lokacinshi, babu ɗure. In maraƙi ya daina tsotsa, a nemi malami nan take.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka cikin dukiyar kowa, ya raya abin da anka haifa.